Baffa Mai Mazarƙwaila, Wanda Ya Riƙe Min Ɗan Fari

Na Allah ne mu duka, wurinSa kuma za mu tattara. Baffa ya riga mu. Ƙanin mahaifina ne, shi ne ragowar ɗakinsu, ya cika ranar wata Talata da hantsi a gidansa da ke ƙasar Yammedi, bayan ya sha kunu ya ce a gyara masa matashi. Bai wahalar da kowa da jinya ba.

Kafin azahar ƙofar gida ta cika. An zo daga Karaye, an zo daga Rogo, masu rake da dillalan mazarƙwaila sun bar kasuwa sun taho. Liman da ya sallace shi sai da muryarsa ta sarƙe a kabbara ta uku. Inna, matar Baffa, ba ta yi kururuwa ba. Mata na ba ta haƙuri, ita kuma cewa take, "Ku dubi mutumin nan, ko mutuwar ma sai da ya bari gari ya waye kowa ya karya, don kada ya tashi wani daga barci."

Na ga wasu dattawa suna share ido da bakin riga. Na san su. Su ne waɗanda, Baffa na raye, suke cewa tsufa ya taɓa masa kai, wai ya mai da rumfarsa matattarar 'yan maye. Na amsa gaisuwarsu, na ce amin, don zaman makoki ba wurin tone-tone ba ne. Amma kada su ɗauka na manta.

Jikoki kuwa kun san al'ada, in tsoho ya ci shekarunsa ya tafi, su nasu wasa ne. 'Yan matan cikinsu suka ɗauki sandarsa da hularsa suna kwaikwayon ɗingishinsa a tsakar gida, suna cewa tsoho ya ji tsoron sanyi ya gudu ya bar amarya. Mutum ɗaya ne bai shiga wasan ba, ɗan farina. Yana zaune bayan rumbu, kai a gwiwa. Wata gwaggonsa ta ce masa, "Kai da kuka fi kowa tsokanar juna, yau kai ne da zumɓura baki?" Ya ce, "Gwaggo, su kaka suka rasa. Ni ƙyale ni kawai."

Saboda wannan yaron nake rubutun nan. Mutanenmu mantuwa gare su. Da an yi sadakar arba'in, Baffa zai koma "wani tsoho mai mazarƙwaila", shi ke nan. Ni kuwa ban yarda ba.

Sana'arsa ke nan tun ina yaro. In rake ya nuna, sai ya kafa rumfa a bakin fadama, a matse rake, a zuba ruwan a babban kasko, a yi ta wuta da busasshen raken da aka matse har ruwan ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Da doki ya fara juya injin, daga baya ya sayi na fetur, amma har ya mutu yana cewa dokin ya fi hankali. Mutum ne mai faɗa a bakin wuta. In ka bar wuta ta yi sanyi ka sha zagi, in ka cika ta ka sha wanda ya fi shi. Haƙora sun ƙare masa tuni amma bai bar goro ba, yana da murfin gwangwani da ya huhhuda da ƙusa, a kai yake goga shi. Yaran unguwa duk sun san ƙanzon kasko nasu ne, ko sarkin gari ya aiko ba zai samu ba.

Yana da wata magana da yake yi wa masu jan jiki a wurin aiki: "Ruwan rake ba ya jiran kowa. Yau zaƙi, gobe tsami, jibi kuma ba abin shan Musulmi ba ne."

A gidanmu kunyar ɗan fari da ƙarfinta take. Sunan mahaifina aka sa wa yaron, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In ina da magana sai in ce da uwarsa, "A gaya wa wancan." Haka aka yi min, haka na yi. Baffa kuwa kakansa ne, tsakaninsu sai wasa. Yana ce masa "ɓarawon matata", shi kuma yana ce masa "tsoho mai ran ƙarfe". Abin da ba zan iya faɗa wa yaron a shekara ba, Baffa zai faɗa masa kafin ya gama goga goro.

Da yaron ya tasa ya shiga ƙwadago, rani a bakin dam wurin masu tumatir, lokacin sara kuma gonakin rake na wajen Rogo. Aiki ne na shiga ruwa da sassafe da ɗaukar dami har yamma. A can ya haɗu da 'yar leda. Wanda bai san ta ba, wata 'yar ƙaramar leda ce, ba ta kai tafin hannu ba, da baƙin ruwa mai ɗaci a ciki, an zana saiwoyi da ƙaton mutum mai damtse a jiki. A bayan babur ake kawo ta har bakin gona, ana cewa maganin basir ne da ciwon baya da gajiya. To ku gaya min, wane namiji ne a ƙasar nan bai yarda yana da basir ba? Kuma mu a wurinmu duk abin da ke da ɗaci magani ne. Da a kwalba aka kawo ta aka kira ta da sunanta, wallahi yaron nan da gudu zai yi. Amma an ce masa magani. Ya fara da ɗaya kafin ya shiga ruwa, ya koma safe da yamma, ya koma ba ya iya ɗaga lauje sai ya sha.

Ya rame, abinci ya fita ransa, idonsa ya yi rawaya. Muka ce shawara ce. Uwarsa ta yi ta dafa ganye. Wani maƙwabcinmu mai son a ce ya san magani har cewa ya yi a ƙara masa 'yar ledar, wai tana wanke ciki, ya sayo da kuɗinsa ya kawo. Yana nan da ransa, ya zo gaisuwa, ya ci shinkafar sadaka.

Baffa ne ya gano. Yaron ya je taya shi kwashe kumfa, ludayi na rawa a hannunsa. Baffa ya dube shi ya ce, "Ɓarawon matata, matso. Hura min iska a fuska."

"Tsoho, ni budurwarka ce?"

"Hura, don gidanku."

Ya hura. Baffa ya sa hannu a aljihun yaron ya zaro leda, ya farke, ya kai hanci. Ya ce, "Wannan ai ruwan raken jibi ne aka jiƙa wa saiwa." Ya aika aka kira ni. Na juya ledar, da ɗan bokon da na yi na bi ƙananan rubutun da ke ƙasa. Kalmar da Bature ke kiran giya da ita na nan zaune, an ƙanƙantar da ita kamar ƙwan tururuwa.

Abin da na ji a ranar, uba ne kaɗai zai gane. Ga masu aiki tsaye, ga dillalai, kowa ya ji. Kafin la'asar za a ce gidan wane an samu mashayi. Na juya wa yaron baya na ce, "Baffa, ka gaya wa wancan ya tattara nasa ya bar min gida yau. In rana ta faɗi yana nan, zan yi masa baki."

Baffa ya ajiye ludayi. "Ni ɗan aikenka ne?"

"Kai ne babba, kai za ka faɗa masa."

"Ka kore shi ya tafi ina? Inda ledar take? Can ai hannu biyu za su karɓe shi." Ya matso har ina jin warin hayaƙi a rigarsa. "Kai sunansa ma ya fi ƙarfin bakinka, amma tsinuwa ta zo maka da sauƙi?"

Na ce, "Kai ka lalata shi da wasa."

Ya ce, "Na ji. Tunda ni na lalata, bar min kayana. Kai kuma riƙe bakinka, kada ka furta abin da za ka zo kana neman hanyar haɗiye shi."

Ban furta ba. Na tafi. Muka daɗe tsakanina da Baffa sai ina kwana, ina gajiya. Kuma abin da na ji tsoro ya faru, an yi da mu a majalisa, an yi da mu a bakin rijiya, waɗanda 'ya'yansu ke shan abin nan a ɓoye su suka fi kowa ɗaga murya.

Baffa ya kai shi gidansa ya sa shi a ɗakin da ke kusa da nasa, ya ce daga yau ko ɗigo. Niyya mai kyau, amma saura kaɗan ta zama ajali. Kwana biyu yaron ya kama rawar jiki, gumi kamar an watsa masa ruwa, yana ganin abubuwa a bango, daga nan ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Mata suka ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Baffa ya ce a yi addu'a a mota, ya tare wata mai ɗaukar rake aka kai shi asibiti a Karaye.

Uwarsa ta zo min da kuka, na bi su. Amma ban shiga ɗakin ba, na tsaya a baranda jikin taga. Baffa ya hango inuwata. Da likita ya fara bayani, sai na ji tsohon nan ya ce, "Likita, ɗaga murya, kunnena ya mutu." Baffa fa, wanda daga nesa yake jin tafasar kasko ta canza. Likita ya ɗaga. Baffa ya ce, "Ƙara dai, ɗana." Sai da ya sa bawan Allah nan yana magana kamar mai shela, duk don ni.

Ta taga na ji komai. Likita ya ce ba shawarar da muka sani ba ce, hanta ce giya ta ci ta kumbura. Ya ce hanta ba ta da baki, ba ta kuka sai ta kusa gamawa, shi ya sa mutum zai yi ta sha yana cewa lafiyarsa ƙalau. Ya ce jikin matashi da ƙwaƙwalwarsa ba su gama ginuwa ba, abin ya fi saurin kama su ya zama jaraba. Ya ce saiwar da aka jiƙa a ciki ba ta rage komai, giya giya ce. Ya ce wanda jikinsa ya riga ya saba, yanke masa ita rana ɗaya a gida na iya kashe shi, a asibiti ake yi da magani ana dubawa. Sannan ya ce in yaron ya bari gaba ɗaya, akwai fatan hantar ta farfaɗo, in ya koma kuwa, kada a zo a tambaye shi.

Baffa ya ce, "Ashe na kusa kashe shi da son gyara." Wannan maganar bai ɓoye ta ba, duk uban da ya zo masa da irin matsalar sai ya fara da ita: kada ka kulle shi a ɗaki, kai shi asibiti, ni na gwada.

Da aka sallamo shi, Baffa ya ajiye shi a bakin kasko inda idonsa ke kansa. Ba wa'azi, ba duka. Tsokana ce maganinsa. "Ango, Inna ta ce a gaya maka ba ta auren mai ido kamar gwaiduwa."

"Tsoho, ko da ido ɗaya na fi ka kasuwa. Kai da ko goro sai an tauna maka."

"Ni dai hannuna ba ya rawa. Riƙe ludayin nan mu gani, in ka zubar min da ruwa sadakinka ya tafi."

Haka ya sa shi cin tuwo, haka ya sa shi shan maganin asibiti a kan lokaci. In 'yan babur masu leda sun biyo ta bakin fadama, Baffa zai miƙe da sandarsa ya ce, "Masu maganin basir, ku zo ku sha ɗaya a gabana in ga basir ɗinku ya warke." Suka daina bi ta nan.

Sau ɗaya yaron ya zame, wata ranar kasuwa. Ya dawo yana kauce wa idon mutane. Labari ya iso min, na aika wa Baffa cewa ga abin da na faɗa. Ya aiko min da amsa: "Kumfa ba sau ɗaya ake kwashe ta ba." Washegari ya mai da shi wurin likita, suka ɗora daga inda suka tsaya.

Baffa bai tsaya kan nasa jikan kaɗai ba. Ya ɗauki ledar ya kai wa liman, ya ce ranar Juma'a ya ɗaga ta sama jama'a su gani. Liman ya ce, "Haba Baffa, in shiga masallaci da najasa?"

Baffa ya ce, "Allah gafarta malam, ai kullum tana shiga. Tana sahun baya a aljihun samari."

Liman ya ce ai yana faɗa a huɗuba giya haramun ce. Baffa ya ce, "Wannan ko ɗan yaye ya sani. Abin da ba su sani ba shi ne wannan ita ce giyar." Suka rabu a kan liman zai nuna ta a waje. Ya kuwa cika alkawari, a wani taron suna, ya soke ta a tsinke ya ɗaga. Ranar na ga iyaye suna kallon ƙasa, don da yawa sun san ledar, wasu a ƙarƙashin tabarmarsu take.

Baffa ya kuma roƙi wani malamin asibiti ya riƙa zuwa rumfa yana yi wa 'yan ƙwadago bayani, su sha ruwan rake sabo suna ji. Nan ne aka samo "matattarar 'yan maye". Wasu yaran sun bari, wasu sun yi dariya sun tafi. Ɗan wani mai faci a unguwarmu, sa'an ɗana, cikinsa ya kumbura kamar tulu, ƙafafu suka haye, ya rasu. Danginsa suka ce sammu aka yi masa, har gobe haka suke cewa. Baffa ya je gaisuwa. A hanyar dawowa, Inna ta ce, zama ya yi a gindin wata ɗorawa ya yi kuka, yana cewa da ya san da yaron da wuri.

Shiryawarmu ba da baki aka yi ta ba. Wata rana yaron ya shigo gidana, karon farko tun ranar rumfa, da mazarƙwaila a kwano. Ya durƙusa daga nesa ya ce da uwarsa, "In ji tsoho, a ba Baba, wai hannuna ne ya dafa." Ya yi ƙiba, idonsa ya yi fari. Na gutsura na ci. Na ce da uwarsa, "A gaya wa mai dahuwar wuta ta ɗan yi yawa." Da aka kai wa Baffa, dariya ya yi har da tari, ya ce, "Ya ci ke nan." Da yamma na je rumfa na zauna, ya miƙo min goron da ya goga, muka yi hirar farashin taki kamar ba a taɓa yin komai ba.

Likita ya sa yaron ya riƙa zuwa Kano ana duba hantar lokaci-lokaci. Baffa ne ke raka shi, da ɗingishinsa da komai. Na taɓa cewa ai ƙato ne, ya san hanya. Ya ce, "Ya san hanya, masu leda ma sun san ta. A tasha suke zama."

Ranar komawa asibitin ta faɗo bayan sadakar bakwai. Tun jajibiri uwarsa ke kai da kawo a tsakar gida. Da safe na ji yana turo babur daga gidan Baffa, zai kai shi tasha ya hau mota. Na sa riga na fito ƙofar gida. Ya tsaya ya gaishe ni, kansa a ƙasa. Na duba dama, na duba hagu, titi fayau, ba yaro ba babba. Na ce, "A gaya wa mai babur ya jira ni."

Ya ɗago. Ya ce, "Baba, wa zai gaya min? Ni da kai ne kawai."

Na tsaya. Na ce, "To. Jira ni, in ɗauko hula."

Na hau bayansa muka tafi. Likita ya ce hantar na riƙe, a ci gaba da yadda ake. A hanyar dawowa na saya masa rake a tasha, na ce masa da bakina ya sha.

Ya Allah, ga Baffa nan ya zo maka. Ya tare bakina ranar da zan hallaka ɗana da shi, Ka tare masa wuta. Ya zauna da marar lafiya lokacin da gari ke gudunsa, kada Ka bar shi shi kaɗai a kabari. Ka ba Inna haƙuri. Mu kuma da ya bar wa aikin, Ka ba mu ko rabin zuciyarsa.